Awa Tara a Mota da Yara Uku: Ku Ba Ni Shawara

Maman Hanan:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Hutun makaranta ya ƙarato, kuma mun yanke ni da maigida za mu kai yara hutun mako guda a motarmu, tafiyar kusan awa tara. Su uku ne: Hanan shekararta 8, ƙanenta 5, sai autan mai shekara ɗaya da rabi. Abin da ke sa gabana faɗuwa shi ne abin da ya same mu bara, a tafiyar da ba ta ma kai wannan nisa ba. Muna tashi na miƙa wa manyan waya don su yi shiru. Ba mu yi awa biyu ba namijin ya yi tsit, gumi ya karyo masa a goshi, kafin in juyo ya sheƙa amai a jikinsa da jikin yayarsa. Kayan canji kuwa suna can ƙarƙashin akwatuna a but. Muka tsaya bakin titi muna sauke kaya, autan na tsala ihu, babansu ransa a ɓace saboda lokaci. Har muka isa ba wanda ya ƙara ce wa wani uffan. Ba na so a maimaita. Me zan tanada, me zan ba su su shagala?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Maman Hanan, abin mai sauƙi ne. Ku tashi da dare, wajen ƙarfe goma, yara su yi ta barcinsu har gari ya waye. Wanda ya farka a miƙa masa kwamfutar hannu da aka riga aka sauke wa zane mai motsi, a sa masa abin sauraro a kunne. Haka nake yi da nawa, ko tari ba na ji.

Baba Tsohon Direba:
Ɗana Baban Khalifa, ka yi haƙuri, a kan tuƙin dare ba zan bar maganar ta wuce ba. Na ci shekaru a kan sitiyari, na ga abin da dare ke yi wa mutum. Yara za su yi barci, gaskiya ne, to shi mai tuƙin fa? Mutum ya wuni yana ɗaure kaya da kai-kawo, sannan ya hau titi a lokacin da jikinsa ya saba kwanciya. Tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na asuba barci ya fi kama direba, kuma ba ya sallama. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka yi gyangyaɗin daƙiƙa huɗu, ka shafe sama da mita ɗari ido rufe, da iyalinka duka a baya. In taya ta fashe ko mota ta lalace, da rana za ka samu mai gyara, da dare sai dai ka zauna cikin duhu da ƙananan yara. Shawarata, maigidan ya kwanta da wuri, ya ƙoshi da barci, ku tashi gari na fara haske. Yara za su ƙarasa barcinsu a mota, kun ci awa biyu ko uku cikin sanyi ba wanda ya nemi komai.

Baban Khalifa:
Baba, na karɓi ta dare, kun fi ni sanin hanya. Amma ta kwamfuta ina nan a kanta. Awa tara ba wasa ba ce.

Anti Nas:
Maman Hanan, bari in faɗa miki abin da ya sa ɗanki amai, domin in kin gane shi rabin shirin ya kammala. A can cikin kunne akwai sashen da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na motsi. Idan yaro ya sunkuyar da kai yana kallon waya ko littafi, idonsa na cewa a zaune yake wuri guda, kunnensa kuma na cewa ana juyi da shi, ana hawa ana sauka. Wannan saɓanin ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, shi ya sa autanku bai yi ba, kuma da wuya ya yi yanzu. Wato wayar da kika ba shi ita ce ta jawo, ba abin da ya ci ba.

Ki zaunar da mai shekara 5 inda zai riƙa hango titi ta gilashin gaba, ya riƙa kallon nesa. A ɗan sauke gilashi iska ta shigo, a guji turare mai ƙarfi a cikin mota. Kada ya tashi da ciki wayam, kada kuma a cika shi da abu mai maiƙo, abu mara nauyi kaɗan-kaɗan da ruwa ya isa. Kuma ki kula da alamun: yawan hamma, haɗiyar yawu, gumi mai sanyi, da shirun da ba halinsa ba. Da kin ga haka ku tsaya ya taka ƙasa minti biyar.

Maman Hanan:
Allah Sarki. Anti wallahi hamma ya yi ta yi a ranar, ni kuwa na ɗauka barci ne, har ina ce masa ya jingina ya ci gaba da kallonsa. Na gode.

Ummu Sudais:
'Yar'uwa ni dai abin da na ga ana yi, a ba su cokali ɗaya na maganin murar nan mai sa barci kafin a tashi. Kowa ya huta.

Anti Nas:
Ummu Sudais, don Allah kada ki yi, kada kuma ki koya wa wata. Magungunan nan ba na sa yaro barci don a huta ba ne. Akwai mai suna promethazine da ake samu a irin waɗannan, an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba kwata-kwata, saboda yana iya danne masa numfashi. Ki duba autan Maman Hanan, shekara ɗaya da rabi, yana ɗaure a kujera, kansa ya langaɓe, uwar na gaba tana ganin barci yake yi. Wasu yaran kuma maganin juye musu yake yi, maimakon barci sai su rikice da kuka da fizge-fizge, a tsakiyar hanya inda ba asibiti. In amai ya matsa wa mai shekara 5, a kai shi likita tun kafin tafiya, ya duba nauyinsa ya rubuta abin da ya dace.

Ummu Sudais:
Subhanallahi, ban san da haka ba. Na taɓa ba wa nawa sau ɗaya. Allah ya kiyaye gaba, na daina.

Hajiya Kaka:
'Yata Maman Hanan, na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce me za ki ba su su shagala. Ni a ganina a nan aka fara kuskuren. Kun auna tafiyar da ƙarfin babba, sannan kina neman abin da zai danne yaro ya jure. Ki juya ta: ki auna tafiyar da ƙarfin ƙaramin cikinsu. Yaro ba gundura kaɗai ke sa shi rigima ba. Yawanci yunwa ce, ko barci, ko fitsari, ko ƙafarsa ta gaji da zama. Kin taɓa ganin ɗan shekara biyar ya zauna wuri guda awa uku a gida? To don me za a sa ran ya yi a mota, ga bel a ƙirji?

Na yi tafiya da 'ya'yana, yanzu ina yi da jikoki. Ba na ƙirga awa tara. Nakan raba ta gida huɗu ko biyar, kowane zango da abin da za a yi in an sauka. In mun tsaya ba a mota ake cin abinci ba, kowa ya fito. Na fito da ƙaramar ƙwallo, in ce su yi tsere daga nan zuwa waccan bishiya sau uku, nesa da titi, ina tsaye ina kallo. Minti goma sha biyar na gudu yakan saya mini awa guda na zaman lafiya. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, ai ba a banza aka faɗa ba.

Baban Khalifa:
Hajiya, da girmamawa, in aka bi wannan awa tara za ta koma goma sha biyu. Kuma mu faɗi gaskiya, mu maza abin da ke ranmu mu isa kafin duhu. Ni ina ganin ana tsananta wa kwamfutar nan. Hutu ne fa, ba ranar makaranta ba. Yaro ya yi kallo kwana ɗaya me zai same shi?

Baba Tsohon Direba:
Lissafinka ya yi yawa. Tsayuwa huɗu ta minti goma sha biyar awa ɗaya ce, ka ƙara rabin awa a ta cin abinci. Kuma tsayuwar nan ba don yara kaɗai ba ce. Ko a ƙa'idar hanya ta Birtaniya an rubuta cewa direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe shida zai isa wajen huɗu da rabi, kafin la'asar ta yi sanyi. Wanda bai tsaya da shiri ba, to zai tsaya dole, kamar yadda suka yi bara.

Malamar Firamare:
Baban Khalifa yana da gaskiya ta wani ɓangare, kada mu mayar da waya dodo. Abin lura shi ne wa za a ba, kuma yaushe. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara ɗaya bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. To autan ya fita daga lissafi. Mai shekara 5 kuma cikinsa ya riga ya ba da amsa. Hanan ce kaɗai za ta iya, ita ma ni zan ɓoye abin sai awa ta ƙarshe, lokacin da duk dabara ta ƙare. In kika fara da waya, duk abin da kika fito da shi bayanta ba zai yi armashi ba.

Sauraro kuwa ba ya kawo amai. Ki sauke labarai na sauraro a wayarki a sa a lasifikar mota kowa ya ji tare. Ko ki yi musu da bakinki, ya fi daɗi. Wasannin da nake yi da ɗalibaina in mun fita: a zaɓi launi, wanda ya fara ƙirga motoci goma masu launinsa ya ci. A yi labarin sarƙa, ke ki fara da jimla ɗaya, Hanan ta ɗora, ƙanenta ya ɗora, har babansu. Kacici-kacici. Wani ya riƙe sunan dabba a ransa, sauran su yi ta tambaya, amsa e ko a'a kawai. Duk waɗannan ido na waje, ga shi ba a sayen komai.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ki ba Hanan aiki. 'Yar shekara 8 ta wuce a lallashe ta, so take a dogara da ita. Kafin tafiya ku zauna ku zana hanyar a takarda, ku rubuta sunayen manyan garuruwan da za ku ratsa. Duk wanda aka wuce ta soke shi da biro, ita ce mai sanarwa. Tambayar nan ta "mun kusa?" da ke cin ran iyaye, yaro na yin ta ne don bai san tsawon awa ba. In ƙanenta ya tambaya, ita za ta nuna masa: saura gari uku. Gari uku abu ne da yake iya ƙirgawa da yatsa.

Maman Hanan:
Malama wannan ta taswira ta shiga raina. Hanan na son a ce ita ce babba. To autan fa? Shi ne ba ya jin magana, ba ya jin labari. Bara a cinyata na riƙe shi har muka isa, hannuna kamar zai cire.

Anti Nas:
Nan ma sai na yi magana. Kada ki riƙe shi a cinya. In mota ta yi karo tana gudun kilomita 50 kacal, abin da ba a ɗaure ba yana fizguwa gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 30 ko fiye. Yaro mai kilo 10 ya zama kamar kilo 300, ba hannun uwar da zai riƙe wannan. Ku nemo kujerar yara, ko aro ce, a ɗaura ta a baya tana kallon baya. Kada a sa ta a gaba inda jakar iskar nan da ke kumburowa in an yi karo take. Manyan ma baya za su zauna da bel, mai shekara 5 a kan kujerar ɗagawa don bel ɗin ya bi ta kafaɗarsa, kada ya shaƙe shi a wuya. A sa makullin yara na ƙofofin baya. In da hali ke ma ki koma baya kusa da autan, ganin fuskarki ya fi masa kowane abin wasa. Kuma ku fara sa shi a kujerar tun yanzu a gajerun fita, kada ranar tafiya ta zama ranar farko.

Ɗaya kuma: in kun tsaya, ko minti biyar ne, kada a bar yaro a mota wai yana barci. Cikin motar da ke rufe a rana zafinsa na iya ƙaruwa da kusan digiri 11 a minti goma, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Maman 'Yan Biyu:
Ni abin da zan ƙara na jaka ne, tunda kin ce bara kayan canji na ƙarƙashin akwatuna. Ki ware jaka ɗaya da ba za ta shiga but ba, a ƙafarki za ta zauna. A ciki: kayan canji cikakke na kowane yaro a ledarsa daban, riga ɗaya taki, famfas, tsumman gogewa, ƙaramin tawul, ledoji na amai da na shara, ruwa, maganin zazzaɓi na yara, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Kayan wasan autan kada ki zube masa duka. Ki ɓoye wasu tsofaffin nasa tun mako biyu kafin tafiya, a hanya ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, zai karɓa kamar sababbi. Ki guji mai ƙara da mai ƙananan ɓangarori da zai iya haɗiyewa. Kuma abin da yake kwana da shi, bargo ne ko 'yar tsana, in an manta komai kada a manta wannan.

Baban Amir:
Ku ba ni dama in raɓa a nan. Mu a jirgi za mu tafi, ƙasar waje, da jaririya 'yar wata goma. Karon farko ke nan. Me ya bambanta?

Maman 'Yan Biyu:
Malam, takardu kafin komai. Jaririya ma sai da fasfonta. Ku duba naku, ƙasashe da yawa na so ya zama da sauran wata shida kafin ya ƙare. In inda za ku na neman katin rigakafin cutar shawara, ana yi wa yaro daga wata 9, katin kuma sai bayan kwana 10 da allurar yake fara aiki, don haka kada ku bari sai ana gobe. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa. Yaron da bai kai shekara 2 ba akan riƙe shi a cinya a jirgi ba tare da kujerarsa ba, amma sai an sa sunansa a tikiti. A wajen bincike, dokar nan ta 2006 da ta taƙaita ruwa zuwa mililita 100 a kwalba ba ta hana madarar jariri da abincinsa, ku dai fito da su daban a duba. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a akwatin da za a auna ba.

Sai kunne. Iskar cikin jirgi a sama kamar ta kan dutse mai tsayin mita 2,400 ce. In jirgi ya fara sauka, kusan rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, iskar waje na danna dodon kunne, hanyar da ke daidaita shi kuma ƙarama ce a jarirai. Haɗiya ce ke buɗe ta. Na ga yadda nawa suka yi kuka a saukarmu ta farko, ɗaya na jan kunnensa da hannu biyu, don na shayar da su tun da wuri sun ƙoshi sun ƙi karɓa. A dawowa na ja lokacin shayarwa har sai da na ji jirgi ya fara yin ƙasa, ko ƙyas ba su yi ba. In tana mura mai toshe hanci, ku ga likita kafin ku tashi.

Baban Amir:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Ta katin nan ba mu ma yi tunaninta ba.

Hajiya Kaka:
Duk mun tattara a kan hanya, bari in ce wani abu kan in an isa. Kada ku cika kwanakin da yawo. Ranar da kuka sauka da washegarinta da safe, ba inda za a je. Bayan nan wuri ɗaya a rana ya isa, da safe, a dawo autan ya yi barcin ranarsa. Mai shekara 5 na bukatar barcin awa 10 zuwa 13, in an rage masa kwana biyu a jere za ku ga wani yaro daban. Ku bar kowane babban yaro ya zaɓi abu ɗaya da za a yi a makon, kuma a cika masa. A kuɗin ma ku ware wani kaso da ba a taɓawa sai lalura. In masaukin na da wurin ninƙaya, babba ɗaya ya zama aikinsa kallon yara kawai, ba waya a hannunsa. Yaro ba ya ihu in ruwa zai ci shi.

Kuma 'yata, ki zauna da maigidan tun yanzu ku amince da wuraren tsayawa. Kada ki bari sai a kan titi yaro na kuka, shi yana duba agogo.

Maman Hanan:
Hajiya na gode, na nuna masa duk abin da kuka rubuta. Maganar Baba ta mita 28 ce ta fi kama shi. Ya ce zai kai motar a duba birki da tayoyi, kuma shi da kansa ya zaɓi wurare huɗu na tsayawa.

Maman Hanan:
Assalamu alaikum, mun dawo jiya lafiya, na ce sai na zo na ba ku labari. Mun tashi shida saura, mun isa huɗu da rabi. Ba wanda ya yi amai. Sau ɗaya namijin ya fara hamma bayan wasu kwanoni, na yi wa babansu magana ya tsaya nan take, ya sha iska muka ci gaba. Autan ya yi kuka sosai a awa ta bakwai, kusan minti ashirin, ba abin wasan da ya karɓa, sai da muka ƙara tsayuwa ta biyar na goya shi na zaga da shi. Baban Khalifa, kwamfutar ta fito a awa ta ƙarshe, Hanan ta yi kallonta da abin kunne. Labarin sarƙa kuwa babansu ne ya fi kowa zaƙewa. Takardar taswirar tana nan ta yamutse, duk garuruwan a soke, Hanan ta manna ta a bangon ɗakinsu, ta ce a tafiya ta gaba ƙanenta ne zai riƙe biro.

Baban Khalifa:
Barka da dawowa. Malamar Firamare, garuruwa nawa ya kamata a sa a takardar? Khalifa shekararsa 7, kuma tamu tafiyar awa shida ce.

Malamar Firamare:
Shida zuwa takwas, yadda ba zai wuce awa ɗaya bai soke ɗaya ba. Ka bar shi ya rubuta sunayen da hannunsa.